Wata huɗu ina cin abincin wata Hajiya mai awara tun da na bar nama, ga abin da na gani

Assalamu alaikum. Tun da na daina cin nama da kifi da ƙwai da nono mutane suke ta tambayata wai to me nake ci kenan, kuma wa yake dafa min na rana tunda sun san aikin koyarwa baya barina in zauna a kicin. Amsar ita ce wata baiwar Allah ce a nan cikin Kano, dattijuwa, a gidanta take girki, sana'arta ta asali awara ce tun da daɗewa, daga baya 'yarta ta buɗe mata WhatsApp ta fara karɓar odar abincin rana ana kaiwa mutane wurin aiki. Yau wata huɗu kenan ina cin abincinta kwana 5 a sati, Litinin zuwa Juma'a, to inaga na isa in faɗi abin da na gani, mai daɗi da mara daɗi. Ba zan faɗi sunanta ko unguwarta ba saboda akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe da zan yi kuma bana son abin ya taɓa mata kasuwa, mu dai ce Hajiya kamar yadda kowa yake ce mata.

Dalilina na barin nama lafiya ce. Mahaifiyata hawan jini ne ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye, shekara uku muna jinya ni nake juya ta ni nake mata wanka, wanda bai yi irin wannan jinyar ba bazai gane ba. To bara aka auna ni aka ce jinina ya hau, kitsen cikin jini ma ya hau, likita yace in rage jan nama da kitse da man shanu da gishiri. Shi bai ce in daina gaba ɗaya ba, ni ce na duba gidanmu naga duk dare sai an shigo da tsire ko balangu, nasan in nace ragewa zan yi to yau yanka ɗaya gobe uku, sai na yanke shawarar in ajiye duka in ga yadda jikina zai yi. Kuma in faɗa tun yanzu, nama halal ne, Allah ne ya halatta shi, ban haramta wa kaina ba kuma bana ganin laifin mai ci, maigida da yara suna ci, ni nake dafa musu ma da daddare. Turawa suna kiran mai irin wannan cin bigan, wani mutumin Ingila Donald Watson ne ya ƙirƙiri kalmar a 1944, su har zuma basa sha, takalmin fata ma basa sawa. Ni zuma kam ban bari ba kuma bana jin zan bari, don haka in ƙa'idarsu za a bi ban cika ba, amma a kwanon abincina dai babu komai na dabba.

Kafin in haɗu da Hajiya sati biyun farko wahala na sha, kuma kuskuren da na yi shi ne wanda kusan duk mai farawa yake yi, na cire nama kawai ban sa komai a gurbinsa ba. Burodi da baƙin shayi da safe, farar shinkafa da miya da rana, taliya da manja da dare. Ƙarfe 11 na safe ina tsaye gaban allo sai in ji ƙafafuna sun saki, yunwa kamar ban taɓa cin abinci ba, in dawo gida in kwanta ko aikin yara bana iya dubawa. Ashe furotin ne babu, wato sinadarin da yake gina jiki. Babban mutum yana buƙatar wajen giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, ni da nake kilo 70 wajen giram 56 kenan, shinkafa da taliya kuwa ba za su kai ka nan ba sai dai su cika maka ciki. Busasshen waken suya giram 100 yana da furotin wajen giram 36, gyaɗa wajen 25, farin wakenmu wajen 23, amma fa a bushe kenan, in an dafa wake ya sha ruwa ya kumbura lissafin ya koma wajen giram 8, shi yasa cokali biyun wake da ake barbaɗawa a kan shinkafa bai isa ba, sai an zuba shi da hannu a sake.

Wata abokiyar aikina ce ta kawo awarar Hajiya ofis, na ɗauki ɗaya na ci sai na tsaya. Na ci awara a wurare da yawa a garin nan, wata tsami kamar an jiƙa ta a lemo, wata tauri kamar roba, wata in ka gutsura cikinta fayau ba komai sai mai. Wannan ita bayanta ya soyu yayi ja yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari tas da laushi, ga ɗigo-ɗigon attaruhu da albasa a ciki, babu gafi ko kaɗan. Ranar na karɓi lambar.

Wata Asabar nace mata ina son in zo in ga yadda take yi, tace bismillah. Na isa wajen ƙarfe 7 na safe na tarar waken ya kwana a ruwa ya kumbura, ta murje shi ɓawon ya taso ta tsiyaye, yaro ya kai inji ya dawo da ƙullun a bokiti biyu. Ta ƙara ruwa ta tace da farin kyalle tana matsewa har dusar ta bushe a hannunta, dusar ma ba a zubarwa, masu awaki ne suke zuwa saye. Madarar ta hau wuta a wata ƙatuwar tukunya, tana tsaye a kanta da ludayi don in ka juya baya minti ɗaya ta taso ta zube, tana kwashe kumfar tana yarfawa gefe. Da ta tafasa sosai sai ta jawo jarkar ruwan tsami, wannan da ake tsiyayewa daga gasarar koko a bar shi ya kwana biyu, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana zagaya bakin tukunyar ba tare da ta juya da ƙarfi ba. Wallahi a gaban idona madarar ta tsinke, farin ya dunƙule ya taso sama gutsi-gutsi, ruwan ƙasan ya koma rawaya-rawaya garau kana hango gindin ludayi. Ta zuba jajjagen attaruhu da albasa da ɗan gishiri, ta juye a buhu mai tsabta ta ƙulle bakin tam ta ɗora masa turmi.

Nace Hajiya me yasa taki bata gafi? Tace, "Malama, sirrin a tafasa yake. Masu sauri ne suke zuba tsami tun madarar bata nuna ba don tsimin itace, sai ki ji gafi kuma ta ɓata wa mutum ciki. Ni gara itacen ya ƙare." Kuma maganarta gaskiya ce ko a ilimance, ɗanyen waken suya yana da wani sinadari da yake hana jiki narkar da furotin, zafin wuta ne yake kashe shi, don haka duk wanda zai yi madarar waken suya a gida ya bari ta tafasa sosai kar ya yi gaggawa. Tace wasu da alam suke haɗawa saboda yafi sauri, ita bata so don yana sa ta tauri da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe.

Awara asalinta daga ƙasar Sin take, sun kai wajen shekara dubu biyu suna yi, mu nan bai daɗe ba, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka yaɗa koyar da sarrafa waken suya a gidaje a shekarun 1980, amma yanzu wa zai ce awara ba tamu bace, kowane lungu da yamma akwai yarinya da kasko. Sai dai mai tafiya kudu ya kula, a ƙasar Yarabawa da Kwara akwai wara, cukun nonon shanu ne da ake haɗawa da tumfafiya, a soye kamarsu ɗaya da awara, to ka tambaya kafin ka saya. A nan gida ma ka tambaya, don yanzu yayi ne a tsoma awara a ruwan ƙwai kafin a soya. Hajiya tana yin mai ƙwai ga masu so, tawa daban take soyawa kafin ta fara tasu.

Abincin ranar nata ba wani baƙon abu bane, kuma wannan ne ya fi burge ni da ita. Da na fara neman bayani a intanet duk abin da nake gani sunayen ganyayyaki da 'ya'yan itatuwan da ko a manyan kantunan Kano sai ka sha yawo, in ka samu kuma kuɗin ya kore ka, har na fara tunanin wannan cin na masu hali ne. Sai gashi Hajiya tana aiko min garau-garau, ɗan wake, dambu da zogale, alale, faten wake, tuwon dawa, waina da miyar taushe, abincin da muka tashi da shi tun muna yara, wanda dama can rabinsa babu nama a ciki. Iyayenmu a ƙauye ai ba kullum suke ganin nama ba sai ranar kasuwa ko suna ko Sallah. Kuma haɗin da suke yi daidai yake da abin da masana abinci suke faɗa, hatsi da wake suna cike wa juna giɓi, abin da furotin ɗin hatsi ya gaza a kai wake yana da shi, wanda wake ya gaza hatsi yana da shi, shinkafa da wake kenan, koko da ƙosai kenan, tuwo da miyar gyaɗa kenan. Ba ma dole sai a kwano ɗaya ba, in dai a yini ɗaya ka ci duka ya wadatar.

Miyar taushenta ita ce ta biyu bayan awara. Na ɗauka miya in babu romon nama salam za ta yi, to ita daddawa take sakar wa hannu, ta soya albasa har sai ta yi ja sosai kafin ta zuba kayan miya, kabewar ta narke ta yi kauri, ga markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ga alayyahu da 'yar yakuwa don tsami, sannan ta yanka soyayyar awara ƙanana ta jefa a ciki ta bar ta ta sha miyar. In ka kai loma ka tauna awarar nan miya ce take fitowa daga cikinta. Ranar farko da ta aiko da ita da waina huɗu malaman da muke ofis ɗaya sai da suka sa hannu, ɗaya bata yarda babu nama a ciki ba sai da ta juya cokali ta duba. Kwaɗon zogalenta ma babu laifi, ƙulin tana daka shi da kanta kuma bata cika masa suga ba irin yadda wasu suke yi. Dambun ne wani lokacin yake zuwa a bushe, sai na kora da ruwa.

Wanda bai min ba sam shi ne ranar da ta gwada wannan busasshen naman waken suyan da ake sayarwa a leda a kanti, wani kwastoma ne ya kawo mata yace ta riƙa sawa. Ta jefa shi a miyar tumatir haka nan yadda ya fito daga leda, ya zo kamar soso, ka tauna ka tauna ba ɗanɗano sai warin kwali. Na faɗa mata, tace ita ma bata san kansa ba. Na je na gwada a gida, ashe sai an jiƙa shi a ruwan zafi kamar minti 15, a matse ruwan tas a sake ɗauraye shi a matse, sannan a soya shi da albasa da citta da tafarnuwa kafin ya shiga miya. A haka yana ciwuwa, mai kewar tauna nama zai ji daɗinsa, amma ni dai ban ga abin da ya fi awara da shi ba kuma ya fi ta tsada.

To ƙorafi. Na farko mai. Hajiya irin matan nan ne da suke ganin in mai bai kwanta a saman abinci ba an yi wa baƙo rowa, garau-garau ya zo in ka karkata robar sai man gyaɗa ya taru a gefe. Ni kuma saboda kitse na bar nama, in na musanya shi da ludayin mai da soyayyar awara goma kullum ai ban yi komai ba. Wannan ya kamata mai farawa ya riƙe, barin nama ba shi ne cin lafiya ba kai tsaye, fanke da cincin da lemon kwalba duk babu nama a cikinsu. Sai da na yi magana sau uku kafin aka fara aiko min da man a ɗan ƙullin leda daban in zuba da kaina. Haka gishiri da dunƙule, Hukumar Lafiya ta Duniya tace kar babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, kuma dunƙulen nan mafi yawansa gishiri ne, wasu ma na ɗanɗanon kaza ne ko na jatan lande sai ka karanta jikin kwalin. Kanwa ma da ake sawa a ɗan wake da dafa wake 'yar uwar gishiri ce wajen mai hawan jini, kuma in ta yi yawa tana kashe wasu bitamin na cikin waken. Yanzu ta rage min duka, amma ranar da 'yan aikinta suka yi girkin ba ita ba ina ganewa daga lomar farko.

Na biyu shi ne ranar man shanu. Wata Laraba aka kawo tuwon dawa miyar kuka, ina buɗe murfin ƙamshin ya bugi hancina, wannan ƙamshin da ba ya ɓuya, ga shi nan yayi ƙyalli a saman miyar. Na kira ta nace Hajiya an sa min man shanu fa. Tace, "Ayya Malama, ai ba nama bane, ɗan kaɗan ne don ƙamshi, miyar kuka ba man shanu ai ba ta cika ba." Ba da mugunta ta yi ba, a wurinta alheri ta min, kuma laifin rabi nawa ne don abin da nace mata tun farko shi ne bana cin nama. A wurin mutanenmu in kace baka cin nama to tsoka kake nufi, romo ba nama bane, kifi ba nama bane, ƙashi da ganda da man shanu duk ba nama bane, za a tsame maka naman daga miyar a miƙo maka da zuciya ɗaya. Ranar na zauna na yi mata saƙon murya na lissafa ɗaya bayan ɗaya, banda romo, banda busasshen kifi da garinsa, banda ƙwai a alale ko a kan ɗan wake, banda man shanu, banda nono da madarar gari. Ta kira ni da yamma ta bani haƙuri har na ji nauyi, washegari ta ƙaro min awara biyar kyauta, kuma tun daga ranar ba a sake ba. Duk inda za ka ci abinci a waje haka za ka yi, ka lissafa, cikin ladabi, kar ka tsaya a kalmar nama.

Na uku lokaci. An ce ƙarfe 1 abinci zai iso, sau da yawa sai 2 saura, akwai ranar da aka yi ruwa sai da aka tashi daga makaranta ya zo. Yaro ɗaya ne yake rabawa duk kwastomominta. Kuɗin abincin kansa da sauƙi, bai kai na faranti mai nama a gidan abinci ba, duk ranar Lahadi nake tura na sati gaba ɗaya, kuɗin kawowa ne yake cizo don ya kusa rabin na abincin, sai da muka haɗu mu uku a makarantar muke raba shi. Na kuma sayi ƙananan kuloli biyu na bata, ɗaya tana wurinta ɗaya tana wurina muna musanya, saboda bana son tuwo mai zafi a leda.

Akwai abu ɗaya da Hajiya ba za ta iya baka ba komai iya girkinta, kuma dan Allah wanda zai bar kayan dabba gaba ɗaya ya ji wannan da kyau, bitamin B12. Babu shi a wake, babu a zogale, babu a kuka, daddawa ma ba abin dogaro bace a kansa, daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samu. Abin da jiki yake buƙata kaɗan ne, maikirogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye shi har na shekaru shi yasa mutum zai daɗe yana jin garau yana cewa ai ni lafiyata ƙalau, sai daga baya kasala ta fara, jini yayi ƙasa, tafin hannu da ƙafa su riƙa yin dindiris kamar ana tsira allura, mantuwa ta shigo, in aka bar shi ya daɗe lahanin jijiya ba lallai ya warke duka ba. Ƙungiyar bigan ta Ingila shawararta a sha aƙalla maikirogiram 10 kullum ko 2000 sau ɗaya a sati. Ƙwaya ce ana samu a kemis, amma ka duba bayan kwalin ka ga an rubuta B12 da adadinsa, don wasu ƙananan ƙwayoyin bitamin B masu arha da ake ƙirgawa a leda babu shi a ciki. Mai ciwon suga da yake shan metformin ya ƙara kula don maganin kansa yana rage shi a jiki. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa kar a fara musu wannan tsarin sai da likita, ni yarana ban cire musu komai ba, kuma madarar waken suya ta gida ba ta maye nonon uwa ga jariri ko kusa.

Sai maganar ƙarin jini, musamman mu mata. Sinadarin ƙarfen da yake cikin wake da ganye jiki baya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama, amma in ka haɗa shi da abu mai bitamin C yana ƙaruwa sosai, shi yasa nake matsa lemon tsami a kwaɗo da faten wake, ko in ci lemon zaƙi ko gwaiba bayan abinci, garin 'ya'yan kuka ma yana da shi da yawa. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana tare shi, to na daina shan shayi a kan abinci sai bayan awa ɗaya ko biyu. Sinadarin ƙarfafa ƙashi kuma tunda babu nono, riɗi da kuka da zogale da sauran ganye nake yawaitawa. Mai shan maganin maƙoƙo na kullum ya tambayi likitansa tazarar da zai bari tsakanin maganin da awara. Maza kuma da suke tsoron wai waken suya yana rage musu ƙarfi, binciken da aka yi a kan mutane bai nuna haka ba, maigidana ma da farko ƙin ci yayi saboda wannan maganar, yanzu shi yake cewa in ƙaro oda ranar Juma'a.

Kumburin ciki zai zo, kar ya baka tsoro. Sati biyu zuwa uku na yi cikina yana ƙugi saboda yawan waken da ban saba ba, daga baya ya lafa da kansa. Jiƙa wake ya kwana a zubar da ruwan jiƙon kafin a dafa yana taimakawa, a dafa shi ya yi luguf, a sha ruwa da yawa, kuma da zan sake farawa ba zan yanke rana ɗaya ba, zan fara da abincin rana kawai na sati biyu sannan in ƙara na safe.

Na tambayi Hajiya inda take sayen waken don wanda zai ci wake kullum dole ya damu da maganin ƙwari. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman farin wake a duniya, Nijar na biye, amma ajiyarsa ce matsala, wasu fiya-fiya suke zuba masa don kar ya yi ƙwari, har Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenmu a 2015 saboda ragowar maganin da aka samu a jiki. Tace ita da kaka take zuwa kasuwar Dawanau ta sayi na shekara, ta zuba a buhun nan na PICS mai leda biyu a ciki wanda in an ɗaure shi iska bata shiga ƙwarin su mutu da kansu ba magani, ta kai ni ɗakin ajiyar na gansu a jere a kan katako. Kayan miya da ganye kuma daga 'Yankaba. Gyaɗa tana tsince ta da hannu tana fitar da duk wadda ta yi baƙi ko fumfuna, wannan ma ba ƙaramin abu bane don rubabbiyar gyaɗa tana da gubar da take taɓa hanta. Wannan tsabtar tata tana cikin abin da yasa nake haƙuri da lattin.

Safe da dare ni nake ji da kaina, koko da ƙosai, kunun gyaɗa, wani lokacin fura in dama ta da madarar waken suyan da nake karɓa wurinta maimakon nono, ba ta kai nono daɗi ba gaskiya amma tana shawuwa in ta yi sanyi. Madarar dai bata jure rashin wuta, in firij ya mutu kwana ɗaya ta lalace, don haka ƙaramar gora nake saye. Biki da suna kuma sai in ci abincina kafin in fita, in an kawo in ɗauki abin da zan iya, in an matsa in ce likita ne ya sa ni kiyayewa, mutane suna karɓar wannan ba tare da sun ji an raina musu abinci ba. Surukata ce ta fi damuwa, ta kira ni gefe tace, "'Yar nan ko wani abu ne yake damunki kike ɓoyewa?" Na zauna na yi mata bayanin jinyar mahaifiyata da abin da awo ya nuna, ta yi shiru tace Allah ya ƙara lafiya, yanzu in za mu je gidanta da kanta take sa a ɗebar min miya kafin a zuba nama. Da layya ma mun yi yankanmu kamar kowa, ni na soya na raba wa maƙwabta, ranar ce ta fi min wuya a duk wata huɗun nan saboda ƙamshin suya tun safe har dare, waina da taushen da na yi oda tun ana gobe Sallah su suka riƙe ni.

Awon da na yi watan jiya jinin ya sauko fiye da da, nauyina ya ragu kilo 3, amma ina nan ina shan maganin hawan jinina kullum kuma likita bai ce in daina ba, kar wani ya ajiye magani saboda ya fara cin awara. In maki zan ba Hajiya, awararta goma bisa goma, miya takwas, lokaci biyar. Shekaranjiya ta turo min saƙon murya tace tunda ina gudun mai ta gwada gasa awarar a kan waya da garwashi, ta shafa mata ɗan man gyaɗa kaɗan ta barbaɗe ta da yajin ƙuli irin na masu tsire, ta yanka albasa da tumatir a kai. Jiya aka kawo guda shida a naɗe a takarda, gefen biyu ya ɗan ƙone kuma ta fi soyayyar bushewa, na faɗa mata ta yanka su da ɗan kauri, tace ranar Litinin za ta sake gwadawa.